Tsofaffin injinan Babanmu: in ƙawata bango da su ko in ba masu aiki?

Ɗan_Kafinta
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu, kuma kayan aikinsa sun dawo hannuna. Ni ban gaji sana'ar ba, aikin ofis nake yi. A cikin kayan akwai injin huda na hannu, irin wanda ake juyawa, an rubuta Champion Blower & Forge a jikinsa. Akwai dutsen washi mai mariƙi, da wili biyu na wani injin zarto da gangar jikinsa ta tsage tun ina yaro, da fuli uku na katako (wilin da bel ke bi ta kai), da zarto huɗu, da filen biyu na aske katako, sai wani buhu cike da giya-giyan ƙarfe masu haƙora da ban san na mene ne ba.

Ina ganin hotuna a intanet yadda ake goge irin waɗannan kaya a jera su a bangon falo ko ofis, kuma abin ya shiga raina. So nake kullum in na shigo gida idona ya faɗa kan abin da hannunsa ya riƙe shekara arba'in. Amma wata zuciyar na ce min wannan ba daidai ba ne. Shin ya dace? In ya dace, yaya zan kafa su ba tare da sun faɗo kan yara ba?

MaiWalda
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni dai gaskiya zan faɗa maka, ƙanina, ko da ba za ta yi daɗi ba. Injin da ke juyawa ba hoto ba ne. Akwai yaran da suka gama koyon sana'a suna zaune babu ko zarto ɗaya na kirki, kai kuma ka ɗauki huɗu ka maƙala a bango ƙura na hawa. Wanda ya mutu murus ka rataye, ba ni da ja. Mai rai kuwa ka nemi mai hannu ka ba shi, ladan ma ya isa ga mamacin.

Yar_Zane
Allah ya gafarta masa. Yaya MaiWalda, ban ƙi taka ba, amma ka dubi halin da mai tambayar yake ciki. Ba kasuwa ya je ya sayo don yayi ba, na mahaifinsa ne. Aikina ke nan tsara cikin ɗakuna, kuma na sha ganin wanda ya rabar da komai a makon farko na rashi, bayan shekara biyu yana neman ko guduma ɗaya ya rasa. Kada ya yi gaggawa.

Ta fuskar kyau kuwa, wilin nan biyu su ne sarakan bangon. Ƙarfen zubi na da, ba a yi masa rowar siffa ba, za ka ga ƙafafun wilin sun ɗan lanƙwasa kamar an zana su da alƙalami. Bango mai haske, babu tarkace kusa da su, fitila ɗaya ta hasko su daga gefe domin inuwa ta fito. Ya wadatar.

Dattijo_Bakanike
Allah ya jiƙansa da rahama. Yaro, kafin a yi nisa, injin hudan nan da ka ambata ai na bango ne tun daga masana'anta. Kamfanin Champion a da a garin Lancaster yake, jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma irin wannan inji sun yi shi ne don maƙera da manoman da ba su da lantarki. Ba shi da ƙafar tsayawa a ƙasa. Ana ɗaure shi ne a jikin katako mai kauri, katakon kuma a ɗaure shi a ginshiƙi ko bango. Ka duba bayansa za ka ga ramukan noti. Ka kuma duba samansa, akwai wani ƙaramin wili mai haƙora da ɗan harshe da ke tura shi. Duk juyin da ka yi, harshen zai tura haƙori, bakin hudan ya ƙara nutsewa da kansa. Ke nan a kan wannan ɗaya babu abin musu tsakanin MaiWalda da Yar_Zane. Ka kafa shi a bango yadda aka yi shi, ka riƙa ɗiga masa mai, ranar da kake son huda ƙarfe ka juya abinka.

Ɗan_Kafinta
Baba Dattijo, na gode. Yanzu na je na duba, ramukan na nan, har da guntun katako da ya maƙale a jikin noti ɗaya. Na tuna ma a jikin ginshiƙi yake a wurin aikinsa. Na ɗora shi a sikeli, kilo 38.

Injiniya_MB
Kilo 38 ba na ƙusa ba ne, ba kuma na robar nan da ake cusawa a rami a ɗaura sukuru ba ne. Mutane na raina nauyin ƙarfen zubi. Ƙarfen da zai cika gwangwanin lita ɗaya ya kai kilo 7 da ɗoriya. Faifan da faɗinsa santimita 30, kaurinsa santimita 3, ya kai kilo 15, alhali a ido kamar tire yake.

Abu na farko ka san irin bangonka. In kankare ne ko jan bulo mai cikakken ciki, boltin nan mai buɗe baki a cikin rami ya isa, muddin ya wuce filasta ya shiga jikin ginin sosai. Filasta ba ta riƙe komai. In bulo ne mai rami, wannan bolti zai iya fasa ɓawon bulon, sai dai a yi amfani da mai gam da ragar da ake zurawa a ramin, ko a huda bangon gaba ɗaya a sa faranti ta baya. In kuma bangon allo ne da aka buga a kan sanduna, dole ka nemo sandunan ka ɗaura a jikinsu, yawanci tazarar santimita 40 ko 60 ce tsakaninsu.

Sannan akwai bambanci tsakanin abin da ya kwanta a jikin bango da wanda ya turo gaba. Wili ya kwanta, nauyinsa ƙasa yake ja. Injin hudan ya turo, saboda haka boltin sama fizgo su yake yi waje, balle in ana juya shi. A nan ake zuba ƙarfi.

BabanYara3
Ku saurari Injiniya. Ni na gani da idona a ɗakina. Wata babbar giya na samu, na kira wani ya kafa min, ya sa roba biyu da sukuru ya ce ta zauna. Wata bakwai tana nan lafiya. Ran nan da asuba sai muka ji ƙara kamar an jefo dutse. Ta zare robar da guntun filasta, ta fasa tayil huɗu, ita ma ta rabe biyu. Daidai wurin ƙaramar 'yata ke zama ta yi wasa da rana. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Duk abin da zan rataye yanzu sai na ƙara masa wayar ƙarfe ta biyu a wani bolti daban, kuma ba na sa komai a saman kujera ko gado.

Kafinta_Sabo
Ga masu sauƙin nauyi kamar filen da fuli, ka sa a tsaga maka katako a tsaye da kusurwar digiri 45. Rabi a ɗaure a bango bakinsa na kallon sama, rabi a bayan allon da ka jera kayan. Sai ɗaya ya hau kan ɗaya ya zauna daram. In kana son saukewa ɗagawa kawai za ka yi. Kuma don Allah kada a huda jikin kayan. Ƙugiya ko ɗan katakon da zai tallafe su ya isa.

MaiWalda
To ai wannan ita ce damuwata, Kafinta_Sabo. Masu ado ba sa tsayawa a ratayewa. Kwanaki wani ya kawo min filen lafiyayye da sufana goma sha biyu na da, wai in narka musu walda su zama siffar tsuntsu. Na ce ya kai wa wani. Ƙarfen zubi ma ba ya son walda, sai an gasa shi tukuna, a yi da sandar nikel, a bar shi ya huce a hankali cikin yashi ko toka, in ba haka ba ya tsage a gefen ɗinkin. An lalata kaya, adon ma bai yi ƙarko ba.

Tela_MaiKeke
Wannan magana ta taɓa min inda yake min ciwo. Ku dubi abin da ake yi wa keken ɗinki na ƙafa. A cire kan a jefar, a ɗora gilashi ko katako a kan ƙafafun a ce tebur. Keken da nake aiki da shi Singer ne 15K, ya girmi mahaifiyata, kuma har yau yana ɗinke yadi mai kauri ninki huɗu ba ya ko tari. Turawan Ingila sun yi aiki a wurin nan. Duk teburin da na gani irin wannan sai in ce a raina, ko ina kan yake yanzu?

Mai_Karatu
Gyara kaɗan, Hajiya. Singer kamfanin Amurka ne, Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a 1851. Amma naki ba a Amurka aka ƙera shi ba, ba kuma a Ingila ba. Harafin K ɗin nan na nufin Kilbowie, babbar masana'antarsu da ke Clydebank a Scotland, wadda aka rufe a 1980. In kika duba lambar da aka buga a gindin keken ta hannun dama, da ita ake gano shekarar da aka yi shi.

Tela_MaiKeke
Na gode Malam, yau na ƙaru. Zan duba lambar.

Yar_Zane
Hajiya Tela, ni ma ba na yi wa kowa teburin keke sai in kan ya riga ya ɓata. Amma a yi adalci. An ƙera kekunan nan miliyoyi, da yawa ba ado ne ya kashe su ba, 'yan gwangwan ne suka auna su a sikeli aka narke. Wanda ya hau bango ko ya zama tebur aƙalla yana nan, jikan mai shi zai gan shi ya yi tambaya.

Dattijo_Bakanike
Mu koma kan buhun giyar nan, ya tsaya min a rai. Ɗan_Kafinta, zazzage su a ƙasa ka duba min abu uku. Ramin tsakiyarsu duk girmansa ɗaya ne? Akwai 'yar tsaga a cikin ramin? Akwai lamba a jikin kowace?

Ɗan_Kafinta
Baba, guda goma sha ɗaya ne. Ramin duk ɗaya ne, da 'yar tsaga. Na goge da tsumma na ga lambobi: 20, 25, 30, 40, har zuwa 65, sai wata babba da aka buga wa 127.

Dattijo_Bakanike
Allahu Akbar. Yaro, abin da ke hannunka ba tarkace ba ne. Giyar canji ce ta injin sassaƙa ƙarfe, wanda ke juya sanda ana fere ta. Lambar yawan haƙoran kowace ce. Da su ake saita injin ya yanka zaren bolti, a cire wannan a sa waccan gwargwadon zaren da ake so. Mai 127 ɗin nan kuwa ita ce amaryar. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, in ka ninka sau biyar ya ba ka 127. Da ita injin da aka ƙera a kan ma'aunin inci yake yanka zaren milimita. Na san masu injin da suka shekara suna neman irinta, domin injin kan zo hannu na biyu ko na uku giyarsa ta watse a hanya. In ka raba su, ko ka bari aka yi musu walda aka sa agogo a tsakiya, ka kashe wa wani inji rabin amfaninsa. Wannan kam ina bayan MaiWalda.

MaiWalda
Kun ji ko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yar_Zane
Na sallama a kan giyar, ban san haka ba. Amma ko su ana iya jera su a kan turakun katako daga ƙarama zuwa babba, ba huji ba walda, har ranar da mai buƙata zai bayyana. A buhu ma ai tsatsa ce ke cin su.

Ummu_Khalil
Ban ga wanda ya yi maganar fenti ba, ni kuma ita ta fi damuna tunda ya ce akwai yara. Ma'aikaciyar jinya ce ni. Tsofaffin injina da yawa fentinsu na da dalma, musamman jan fentin nan na ƙasa da ake shafawa don hana tsatsa. Amurka sai a 1978 ta hana fenti mai dalma a gidaje, kuma injinan da kuke magana sun girmi wannan shekarar nesa ba kusa ba. Haɗarin yana cikin ƙura. In ka sa sanfefa ko buroshin waya na lantarki ka kankare shi a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma ba a gane wa da wuri. Ka yi aikin a waje, a jiƙe, da takunkumi mai kyau, ka canza kaya kafin ka ɗauki yaro. Fentin da bai ɓanɓare ba gara a rufe shi da wani abu a bar shi. Kuma a kafa su inda hannun yaro ba ya kaiwa, zarto dai zarto ne ko a bango.

Ɗan_Kafinta
Anti, Allah ya saka da alheri. Wallahi niyyata ke nan ranar Asabar, in sa buroshin waya in kankare wilin har su yi ƙyalli. Na fasa.

Mai_Tara_Tsoho
Gara da ka fasa, ko ba don dalmar ba. Shekara goma sha biyar ina tara irin waɗannan kaya, kuma babbar ɓarnar da na fi gani ita ce wankin wuce gona da iri. Tsatsa iri biyu ce a wurinmu. Akwai ja mai gari, wadda ke ci gaba da cin ƙarfe, ita ake cirewa. Akwai kuma duhun nan mai santsi da ƙarfe ke yi saboda shekaru da mai da gumin hannu. Wannan shi ne kyan abin, in ka kankare shi ba ya dawowa a zamaninka.

Ka fara da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka cire daskararren giris. Sau da yawa a nan za ka tsaya. In akwai jar tsatsa mai yawa a kan wilin, ga hanyar da ba ta cin lafiyayyen ƙarfe: robar wanka babba, ruwa, sodar wanki kamar cokali ɗaya a duk lita huɗu, da cajar batirin mota irin ta da. Baƙar waya a jikin abin da kake wankewa, jar waya a jikin wani ƙarfen banza da ka tsoma a gefe, kada su taɓa juna. Ka bar shi ya kwana. In ka juya wayoyin, kayanka ne zai cinye, saboda haka ka duba sau biyu. Kada ka sa ƙarfen nan mara tsatsa a matsayin na banzan, yana sakin guba a ruwan. Kuma a fili ake yi, domin kumfar da ke tashi iska ce mai kama wuta. Yana fitowa ka busar da shi nan take, in ba haka ba kafin awa guda ya sake yin ja. Sai ka shafa kaki ka goge.

Zartunan kuma ka bi su a hankali. Ka duba notin tagulla mai tambari a jikin mariƙin. In ka ga Disston, na Philadelphia ne a Amurka, Henry Disston ya fara a 1840, kuma a jikin ruwan zarton akwai rubutu mara zurfi da sanfefa mai kaushi ke shafewa cikin minti ɗaya.

Kafinta_Sabo
Ƙari a kan zarto: na da ana wasa haƙoransa da magagari mai kusurwa uku, a yi ta amfani har ruwan ya sirance. Na yanzu masu baƙin haƙori an ƙona bakin ya yi tauri, magagari ba ya kama su, in sun dakushe sai jefarwa. Shi ya sa in na ga an zana furanni da fenti a jikin tsohon zarto nake jin zafi.

Injiniya_MB
Mai_Tara_Tsoho, me ya sa kaki, ba baƙin mai ba? Mu mai muka saba shafawa.

Mai_Tara_Tsoho
A wurin aiki mai ya fi, Injiniya. A falo kuwa mai na kama ƙura, in zafi ya yi ya tsiyaye ya zana layi a bango. Kaki bushewa yake. Akwai wanda ake kira Renaissance Wax, a gidan tarihi na British Museum aka haɗa shi tun shekarun 1950, amma kakin goge katako na gwangwani ma ya yi. Masu shafa man linsid a mariƙin katako kuma su kula, tsumman da ya sha shi in aka dunƙule aka ajiye yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Mai_Karatu
Wani abu kan asalin muhawarar. Jera kayan aiki a bango don su yi kyau ba masu ado ne suka fara ba, masu sana'ar ne. Ku nemi hoton akwatin Henry Studley, wani mai haɗa piyano a Amurka da ya rasu a 1925. Akwati ne da ake ratayewa a bango, in an buɗe shi kayan aiki kusan 300 ne a ciki, kowane da gurbinsa, an yi masa ado da baƙin katako da ƙwaryar lu'ulu'u. Har gidan tarihi na Smithsonian ya taɓa baje shi. Amma da kayan yake aiki kullum. Haka ɗakin aikin James Watt, mai inganta injin tururi, wanda ya rasu a 1819: an kwashe shi ɗungurungum a 1924 aka kai gidan tarihin kimiyya na Landan, kaya sama da 8,000. Babu wanda ya ce an wulaƙanta su don ba a aiki da su.

MaiWalda
Malam, na Watt ɗaya ne a duniya, dole a adana. Filen ɗin Baba kuwa akwai yaron da zai ci abinci da shi gobe. Ba ɗaya ba ne.

Dattijo_Bakanike
MaiWalda, ina tare da kai a giya da zarto, amma ba kowane tsohon inji ne ya kamata ya koma aiki ba. Na yi zamani da injin aske katako mai kan wuƙa murabba'i. Ratar da ke tsakanin wuƙar da teburin tana da faɗi, in ya kama yatsa hannun yake ja gaba ɗaya. Na san mutum biyu da ya raba da yatsunsu. Injinan bel na da duk a buɗe suke, ba murfi, riga ta kama shi ke nan. Irin waɗannan in an ciro wili ko allon sunan an rataye, ban ga asara ba. Shi ma dutsen washin Ɗan_Kafinta, na hannu ne, ya bar shi a na hannu. Kada wani ya ba shi shawarar ɗaura masa motar lantarki, tsohon dutse in yana da tsaga a ciki tarwatsewa yake yi.

Fulin katakon kuma ka san tarihinsu? Kafin kowane inji ya samu motarsa, sanda ɗaya ce doguwa ke bi ta saman rufin masana'anta tana juyawa, bel na fata na saukowa daga kanta zuwa kowane inji. Fulin a kan sandar suke. Ka duba za ka ga rabi biyu ne aka haɗa da bolti, don a iya ɗaura su ba sai an sauke sandar ba. Yau da wuya ka samu mai aiki da su. Ga su ba nauyi. Waɗannan ka rataye da zuciya ɗaya.

Mai_Tara_Tsoho
Baba Dattijo ya ambaci allon suna, a nan kaɗai zan ɗan saɓa. In injin na nan da ransa kada a ɓalle masa allon, shi ne takardar haihuwarsa, da lambarsa ake neman kayan gyara. Kuma Ɗan_Kafinta, duk notin da ka kwance ka adana shi. In a cikin kayan akwai na Ingila, zarensu na Whitworth ne, tsarin 1841, kusurwarsa digiri 55, na yanzu kuwa 60. Za ka ga kamar zai shiga, ka matsa, ka cinye zaren.

BabanYara3
Filen ɗin wane iri ne? Ba ka faɗa ba.

Ɗan_Kafinta
Ɗaya baƙi ne an rubuta Bailey No 5 a jikinsa, ɗayan shuɗi ne, Record. Mariƙin baƙin ya tsage an ɗaure shi da waya, kuma gefen da babban yatsansa ke zama ya lotsa ya yi sumul. Jiya na daɗe riƙe da shi.

Kafinta_Sabo
Baƙin Stanley ne, sun sayi fasahar Leonard Bailey a 1869 suka ci gaba da sa sunansa. Shuɗin na Sheffield ne, a Ingila. Duka biyun in an wasa su sun fi yawancin sababbin da ke yawo yanzu. Ni da zan samu irinsu da na gode Allah. Amma wanda ke da shaidar yatsan Baba, ko ni aka ba ba zan karɓa ba. Kada ma ka cire wayar.

MaiWalda
Wannan ɗaya na yarda. Ka riƙe baƙin.

Ɗan_Kafinta
Na gode ƙwarai, jama'a. Ga inda na tsaya zuwa yanzu. Injin hudan zai hau katako a bangon baranda inda zan iya amfani da shi. Wili biyu da fuli uku za su shiga falo, sama can, da bolti irin wanda Injiniya ya ce da waya ta biyu. Baƙin filen yana wurina. Akwai wani da ya yi shekara shida yana koyo a hannun Baba, na kira shi zai zo ya ɗauki shuɗin da dutsen washin. Giyar na shafa musu mai na mayar buhu tukuna.

Zartunan ne suka raba kanmu a gida. Yayata ta ce ko ɗaya kada ya fita, tana so a jera su huɗun kamar yadda suke a bangon wurin aikinsa, daga babba zuwa ƙarami. Ni kuma maganar Kafinta_Sabo ta tsaya min.

Yar_Zane
Yayarka ma 'yarsa ce, tana da haƙƙi a kan abin da take son gani. Huɗu a jere sun fi biyu kyau nesa, in dai ta ido ake magana.

MaiWalda
Biyu a bango, biyu a hannun yaron nan. Ka ce wa yayarka ta yi haƙuri.

Tela_MaiKeke
Ni kuwa da ni ce, aro zan ba shi, ba kyauta ba. Ya yi aiki da su, gurbinsu na nan a bango. Af, Malam Mai_Karatu, na duba lambar keken, ta fara da haruffa biyu, EF. A ina zan duba shekarar?

Dattijo_Bakanike
Ɗan_Kafinta, kafin ka mayar da buhun can ƙurya, auna min faɗin ramin giyar da kaurinsu, ka turo hoton mai 127 ɗin kusa-kusa. Akwai wanda nake so in nuna wa.